Ma'aikatan Hajji sun tafi: me za a fara cirewa a sabar ofis?

Tambaya: Assalamu alaikum, Yaya. Ina aiki a wani ofishin hidimar alhazai da masu Umara a Aziziyya, nan Makka. Wanda yake kula da kwamfutocinmu ya koma gida, aka ɗora min aikin. Sabarmu Ubuntu ce, akwai Samba ta foldar haɗaka da Postfix ta imel. Ma'aikatan wucin gadi uku kwangilarsu ta ƙare bayan Hajji, mudir, wato manajanmu, ya ce in goge komai nasu kafin ƙarshen mako: fayilolinsu, saƙonnin da suka maƙale ba su fita ba, da izinin shigarsu. Na ga ana amfani da userdel -r. Shin ya wadatar?

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Bai wadatar ba, kuma ina roƙonka kada ka fara da shi. Cikin duk umarnin da za ka buga a wannan aiki, shi ne na ƙarshe, wataƙila ma sai bayan wata ɗaya ko biyu.

Abin da userdel -r yake yi kaɗan ne. Yana cire sunan mutum daga /etc/passwd da /etc/shadow da rukunonin da yake ciki, ya goge foldarsa ta gida da akwatin wasiƙarsa na cikin /var/mail. Iyakarsa ke nan. Ba ya zuwa foldar haɗaka, ba ya leƙa layin jiran Postfix, ba ruwansa da makullin VPN, wato hanyar haɗuwa da ofis daga waje, ko wanda mutumin ya dasa a asusun wani. Abin da ya fi damuna shi ne yana ɗauke maka sunan da za ka yi bincike da shi. Muddin asusun yana nan, za ka iya tambayar sabar ta nuna maka duk abin da wane ya mallaka. Da zarar ka goge shi, sai lamba kawai ta rage a jikin fayilolin, kai kuma ka shiga lalube.

Mudir ya haɗa maka abu uku cikin jimla ɗaya, amma a wajen sabar ba su da alaƙa da juna. Izinin shiga yana wuri daban, wasiƙun da ke jira suna wuri daban, fayiloli suna wuri daban, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Rufe ƙofa abu ne na gaggawa, kuma idan ka yi kuskure kana iya sake buɗewa cikin minti ɗaya. Goge fayil ba gaggawa a cikinsa ko kaɗan, kuma idan ka yi kuskure ba gyara. Don haka ka fara da ƙofa yau, wasiƙu su biyo baya, fayiloli su jira.

Kafin ka taɓa komai, ka sa mudir ya rubuto maka umarnin, ko da imel ne mai layi uku, da sunayen mutanen da abin da ake so a cire. Ba rashin yarda ba ne. A nan ƙasar akwai dokar laifukan intanet tun 2007, kuma shiga kwamfuta ba bisa ƙa'ida ba da nufin gogewa ko lalata bayanai yana iya kai mutum ɗaurin da ya kai shekara 4 ko tarar da ta kai riyal miliyan 3, ko duka biyun. Kai da izini kake aiki, amma ranar da wani zai tashi ya ce takardarsa ta ɓata, maganar baki ba za ta tsaya maka ba, kuma kai baƙo ne mai iƙama. Rubutun shi ne shaidarka. Sannan kada ka yi wannan aiki da yammacin Alhamis. Juma'a da Asabar ba kowa a ofis, idan wani abu ya lalace sai Lahadi za a gane, bayan kwana biyu saƙonni suna komawa ga masu su. Ka yi shi da safe a cikin dawam, lokacin da mutane suke kan teburinsu za su iya ce maka folda kaza ta ƙi buɗuwa.

To, ƙofa. Yawancin mutane usermod -L suke bugawa su ce sun kulle. Abin da yake yi shi ne ya sa alamar motsin rai a gaban kalmar sirrin da ke /etc/shadow, sai kalmar ta daina aiki. Amma wanda yake shiga ta SSH, wato hanyar shiga sabar daga nesa, da makulli ba ya bukatar kalmar sirri, zai ci gaba da shiga abinsa daga Kano ko Damagaram kamar ba a yi komai ba. Ka haɗa da kashe wa'adin asusun gaba ɗaya (duk inda na rubuta suna a umarni, ka sa sunan asusun mutumin):

usermod -L -e 1 suna

Wannan 1 ɗin yana nufin asusun ya ƙare tun ranar 2 ga Janairun 1970, don haka ko da makulli ya zo za a mayar da shi. Bayan haka ka duba ko yana ciki a yanzu, domin kullewa ba ya korar wanda ya riga ya shiga. Umarnin who zai nuna maka, loginctl terminate-user suna ko pkill -u suna zai fitar da shi.

Samba tana da nata kundin kalmomin sirri, ba ta dogara da na Linux. Ka ga jerin da pdbedit -L, ka dakatar da mutum da smbpasswd -d suna. Nan ma wanda kwamfutarsa ke haɗe tun da safe zai ci gaba da buɗe fayiloli har sai haɗin ya yanke, don haka ka duba smbstatus, ka ga lambar aikin da ke riƙe da haɗinsa, ka tsayar da shi. Haka ma imel. Idan Dovecot ce ke miƙa wasiƙu ga wayoyi, wayarsa tana nan a haɗe ko da ka canja kalmar sirri, sai ka buga doveadm kick suna.

Yanzu wuraren da ake mantawa, kuma nan ne aikin gaske yake. Ka buɗe fayil ɗin authorized_keys, inda ake jera makullan SSH da aka yarda su shiga, ba na asusunsa kaɗai ba, har na root, wato babban asusun da ke da iko da komai, da na duk wani asusun da ake amfani da shi a tare. A lokacin Hajji kowa sauri yake, sai wani ya ce wa mai kula da sabar ya sa masa makullinsa a asusun ofis don ya ɗauko jerin ɗakunan otal cikin dare, a sa, a manta. Ka duba /etc/sudoers, jerin waɗanda aka ba ikon root, ta hanyar visudo, ka duba kuma cikin /etc/sudoers.d, domin sau da yawa a can ake jefa ƙaramin fayil mai sunan mutum. Ka duba crontab -l -u suna da atq, masu nuna ayyukan da aka tsara su gudana da kansu. Kada ka yi saurin goge abin da ka tarar a can. Na sha ganin aikin kwafin ajiya na ofis gaba ɗaya yana gudana a ƙarƙashin sunan ma'aikaci ɗaya saboda shi ya rubuta shi, a rufe asusunsa, kwafin ya tsaya shiru ba wanda ya sani sai ranar da ake nemansa. Idan ka ga irin wannan, ka mayar da shi wani asusu tukuna.

VPN kuwa, idan WireGuard ce, ka cire shi da wg set wg0 peer sannan makullinsa sannan remove, ka kuma goge sashensa a fayil ɗin saiti, in ba haka ba ranar da aka sake kunna sabar zai dawo. Idan OpenVPN ce mai takardar shaida, goge fayil ɗin takardar daga sabar ba ya hana komai, domin kwafi yana cikin kwamfutarsa. Sai ka soke takardar, ka sake fitar da jerin sokakku, ka tabbata saitin sabar yana karanta jerin.

A katangar tsaro ka kula da abu ɗaya. Idan ka buga ufw status numbered ka ga za ka cire layi na 4 da na 5, da zarar ka cire na 4, na 5 ya koma na 4, na 6 ya koma na 5. Idan na 6 shi ne wanda yake barin ka shiga ta SSH, ka rufe kanka a waje. Ka riƙa sake duba jerin bayan kowace cirewa, ko ka fara daga ƙasa zuwa sama, kuma ka bar taga ɗaya ta SSH a buɗe har ka gwada shiga da sabuwa.

Akwai kuma kalmomin sirrin da kowa ya sani: na Wi-Fi, na firinta mai tura sikan zuwa folda, na akwatin imel ɗin ofis da mutum biyar suke buɗewa. Waɗannan ba a cire mutum daga cikinsu, canja su ake yi. Zai jawo ƙorafi na kwana ɗaya, amma ba makawa.

Wani tarko na Samba da nake so ka riƙe da kyau, don ya ci mutane masu ƙwarewa. A cikin /etc/samba/smb.conf, kowace folda tana iya samun layin valid users mai jerin waɗanda aka yarda su shiga. Idan sunan wanda ya tafi shi kaɗai ne a layin, ka goge sunan ka bar layin fanko, Samba ba ta fahimtar hakan a matsayin an hana kowa. Tana fahimtarsa a matsayin an yarda wa kowa, duk mai asusu ya shiga. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Ko dai ka sa sunan wanda ya gaji aikin, ko ka sa available = no a foldar. Kowane gyara ka bi shi da testparm don ya nuna maka yadda Samba ta karanta, sannan smbcontrol all reload-config.

Mu koma wasiƙu. Da farko ka gane cewa saƙon da ke layin jira ba mallakar asusun mutum ba ne. Da ya danna aikawa, saƙon ya bar hannunsa ya koma hannun Postfix, yana zaune a /var/spool/postfix. Akwai ɗakuna a can: incoming na sababbin shigowa, active na waɗanda ake ƙoƙarin kaiwa yanzu, deferred na waɗanda aka gwada aka kasa za a sake gwadawa, da hold na waɗanda aka tsare da gangan. Wanda ka ce ya maƙale galibi a deferred yake. Postfix za ta yi ta gwadawa, idan ba a canja saitin asali ba har kwana 5, sannan ta mayar wa mai aikowa da sanarwar cewa bai isa ba.

Ka buga postqueue -p. Kowane saƙo za ka ga lambarsa, girmansa, lokacin da ya shigo, mai aikawa, mai karɓa, da dalilin da ya hana shi tafiya. Tauraro a gefen lamba yana nufin yana active, alamar motsin rai tana nufin yana hold. Dalilin nan shi ne abin karantawa. Idan amsar da ɗaya sabar ta bayar ta fara da 4, matsalar ta ɗan lokaci ce: akwatin mutum ya cika, ko sabarsu ta ce a dawo anjima. Idan haɗin ne yake yankewa ga kowa da kowa, to matsalar a wajenku take, ba a saƙonnin ba, kuma goge su ba zai warkar da komai ba.

A intanet duk wanda ka tambaya zai ce maka postsuper -d ALL. Wannan umarni yana share layin gaba ɗaya, na kowa, ba tambaya, ba ya kuma sanar da masu aikawa cewa saƙonsu bai tafi ba. Da gangan aka sa dole a rubuta ALL da manyan baƙaƙe, don hannu ya ɗan tsaya. Shekarun baya an kira ni wani ofishi a Jidda bayan an yi haka. Wani yaro mai ƙoƙari ya ga layin ya cika da tarkacen talla, ya share duka don sabar ta numfasa. A cikin tarkacen akwai saƙonnin tabbatar da ɗakuna da aka aika wa wani otal a Madina, waɗanda suka tsaya saboda sabar otal ɗin ta samu matsala na 'yan sa'o'i. A kwamfutar ma'aikacin saƙon yana cikin waɗanda aka aika, don haka kowa ya ɗauka ya isa. Sai da motar masu Umara ta tsaya a ƙofar otal, tsofaffi a ciki bayan tafiyar sa'o'i daga Makka, aka gane ba a riƙe musu ɗaki ba. Har yau idan na tuna fuskokin mutanen nan raina yana ɓaci, kuma tun daga ranar ban sake barin kowa ya share layi bai karanta ba.

Abin da za ka yi shi ne tsarewa. Umarnin postsuper -h da lambar saƙo yana kai shi hold, ba zai tafi ba, ba zai ɓata ba, kuma wa'adin kwana 5 ba zai kashe shi ba muddin yana can. Idan Postfix ɗinku ta kai 3.1, postqueue -j tana fitar da jerin a tsarin da jq ke iya tacewa, sai ka ware na mutum ɗaya:

postqueue -j | jq -r 'select(.sender=="adireshinsa") | .queue_id' | postsuper -h -

Ƙaramar alamar - da ke ƙarshen umarnin nan tana nufin ya karɓi lambobin daga abin da aka turo masa. Sannan ka duba su ɗaya bayan ɗaya da postcat -q da lambar. Ka tsaya a kan kanun saƙo, wa aka aika wa, mene ne batun. Ba aikinka ba ne karanta wasiƙar da mutum ya rubuta wa iyalinsa, amana ce aka ba ka. Wanda ka ga na aiki ne, takardar kuɗi, jerin fasinjoji, amsar wakili daga Najeriya ko Nijar, ka nuna wa mudir ko wanda ya gaji kujerar. Idan a sake shi ne, postsuper -H. Idan ya daɗe a tsare har ya kusa cinye kwanakinsa, gara postsuper -r, wanda yake mayar da shi kamar sabon shigowa, in ba haka ba yana fita zai iya komawa ga mai shi bayan gwaji ɗaya. Wanda aka tabbatar ba shi da amfani, shi ne za ka bi da postsuper -d da lambarsa. Daga Postfix 3.5 akwai ma postsuper -f, wanda maimakon ya haɗiye saƙo shiru sai ya mayar wa mai aikowa da sanarwa. Ga saƙon da mutum na gaske ya rubuta, wannan ya fi adalci.

Abu biyu ƙanana. Kada ka shiga /var/spool/postfix da rm, domin kowane saƙo yana da wasu bayanai a wata folda, Postfix ce ta san yadda take haɗa su. Kuma kada ka ajiye jerin lambobi yau ka yi gogewa da shi jibi, saboda gajerun lambobin nan ana sake amfani da su, lambar jiya tana iya zama ta wani saƙo daban.

Idan kuwa ka buɗe layin ka tarar da dubban saƙonni da sunan ɗaya daga cikinsu zuwa adireshin da ba ku sani ba, to wannan wata magana ce. An sace kalmar sirrinsa ana tura tarkace da sabarku. Ka nemi sasl_username a /var/log/mail.log ka ga wane asusu ne kuma daga ina ake shiga. Ka toshe asusun kafin ka share, in ba haka ba kana kwasa ana zubawa. Ka kuma ajiye kwafin rajistar, don idan ta tabbata an taɓa bayanan alhazai, ƙa'idar kare bayanai ta ƙasar nan ta ce a sanar da hukumar kula da bayanai ta SDAIA cikin sa'o'i 72 da ganewa.

Sai wasiƙun da za su zo gobe. Otal-otal da kamfanonin mota da wakilai suna da adireshin mutanen nan, za su ci gaba da rubuto musu har watanni. Idan ka goge asusun, sabar za ta riƙa mayar da su da 550, wato babu mai wannan suna. Gara ka sa layi a /etc/aliases da zai karkatar da adireshin zuwa wanda ya gaji aikin, ka buga newaliases. Yayin da kake can, ka duba akasin haka: ko sunansa yana cikin wani adireshin rukuni, ko yana da fayil ɗin .forward a foldarsa ta gida, ko wata ƙa'ida da ke tura kwafin wasiƙun ofis zuwa Gmail ɗinsa. Mutane da yawa suna yin haka ba da mugun nufi ba, don su riƙa gani a waya a Mina da Arfa. Amma idan ba a cire ba, fasfo ɗin mutane zai ci gaba da sauka a wayar wanda ya bar aiki.

Yanzu fayiloli. Kalmar "fayilolinsa" ita ce matsalar. A wajen sabar, mai fayil shi ne wanda ya fara ƙirƙirarsa, ko da mutum goma ne suke aiki a kai. Jadawalin rabon ɗakuna da kowa ke buɗewa kullum yana iya kasancewa da sunan yaron da ya tafi, don kawai shi ya buɗe shi ranar farko. Ka fitar da jerin tukuna:

find /srv/haɗaka -xdev -user suna > jerin_suna.txt

Ka sa sunan foldarku ta gaske a wurin. Ka kai wa shugaban sashensu jerin ya duba. Za ka ga mafi yawa na ofis ne, waɗannan chown za ka yi musu zuwa ga magajinsa, ba gogewa ba. Ragowar kuma ka ɗauke su da mv zuwa wata folda da ba a raba ta a Samba, wadda root kaɗai ke buɗewa, ka rubuta mata kwanan wata. Idan a faifai ɗaya suke, ɗaukewar ba ta cin lokaci. A wajen ma'aikata fayilolin sun tafi, mudir ya samu abin da yake so, kai kuma kana da hanyar dawowa. Ka ba su kwana 30 zuwa 60. Duk abin da ake bukata, cikin wannan lokaci wani zai zo nema.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne abin da aka goge a foldar haɗaka ba ya zuwa kwandon shara na kwamfutar mutum. Windows tana da kwando ne don faifanta, ba don abin da ke kan hanyar sadarwa ba. Sai in an kunna recycle a Samba, wanda ba a kunne yake zuwa ba. Kuma ka gwada kwafin ajiyarku kafin ranar gogewa, ka ɗauko fayil ɗaya daga ciki ka buɗe shi da idonka.

Akwai izinin da ls -l ba ya nunawa sai da ƙaramar alamar tarawa a ƙarshen haruffan izini. Wannan yana nufin akwai ƙarin jerin izini a kan fayil ɗin. Ka fara adana su duka da getfacl -R zuwa wani fayil, don setfacl --restore zai iya dawo da su idan ka ɓata. Sannan ka cire nasa da setfacl -R -x u:suna, ka kuma cire na gado da d:u:suna, wanda yake sa duk sabon fayil da aka ƙirƙira a foldar ya zo da izininsa.

Ga dalilin da ya sa na dage sai an yi wannan kafin userdel. Linux ba ta san suna ba, lamba ta sani, kuma lambobin mutane daga 1000 suke farawa. Idan ka goge asusu, lambar ta zama fanko amma tana nan a jikin fayiloli da jerin izini. Ranar da ka buɗe sabon asusu, tsarin yana iya ba shi wannan lambar, musamman idan wanda ya tafi shi ne na ƙarshen shigowa. Su wa ke shigowa a ƙarshe su tafi a farko? Ma'aikatan wucin gadi irin naku. Wato yaron da za ku ɗauka a Ramadan don Umara, ranar farko zai tarar yana iya buɗe foldar sikan ɗin fasfo da aka ba wa na bara izini, ba tare da kowa ya ba shi ba. Idan akwai NFS a ofis, wato wata hanyar raba folda tsakanin kwamfutoci, abin ya fi muni, domin a saitinta na yau da kullum lambar kawai take dubawa. Bayan ka goge asusu, ka bi da find / -xdev -nouser ka ga abin da ya zama maraya. A Windows abin juye yake: lambar SID ba a sake ba wa kowa, shi ya sa ake ganin dogayen lambobi masu farawa da S-1-5-21 a jerin izini bayan mai su ya tafi, kuma ko ka sake buɗe asusu da suna iri ɗaya ba zai gaji komai ba. A can ma dakatarwa ake fara yi, ba gogewa ba.

Ranar gogewa ta gaske, ka rubuta cikakkiyar hanyar folda, ka fara da ls a kanta, sannan ka canja ls zuwa rm. Ka ƙara --one-file-system, domin idan an rataya wani faifai ko foldar wata sabar a cikin foldar, rm -r zai shiga ya cinye har da shi. Idan da find za ka goge, -delete ya zama shi ne na ƙarshe a layi. Idan ka sa shi kafin sharaɗi, zai goge komai kafin ya kai ga sharaɗin. Idan ka gama ka ga df bai nuna wuri ya ƙaru ba, wani shiri ne yake riƙe da fayil ɗin a buɗe, lsof +L1 zai nuna maka shi.

Ba kuma komai ne ke hannunka ko hannun mudir ba. Takardun kuɗi da rasiɗai na harajin VAT, hukumar ZATCA tana bukatar a ajiye su aƙalla shekara 6, don haka duk abin da ya yi kama da takardar kuɗi ka miƙa wa akanta. A ɗaya ɓangaren, dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a watan Satumbar 2023 ta ce idan bukatar da aka tara bayanai dominta ta ƙare, a lalata su, sai in wata doka ta ce a riƙe. Hotunan fasfo da biza da takardun rigakafi na alhazan da suka riga suka koma gida, waɗanda aka watsa a foldar kowane ma'aikaci, su ne suka fi cancantar gogewa da gaske, har da na cikin tsofaffin kwafin ajiya idan wa'adinsu ya zo. Mutanen nan sun miƙa takardunsu ne don su sauke farali. Ka sa ofis ya yanke tsawon lokacin da zai riƙe su, a rubuce, ka bi shi.

Idan wa'adin ya cika ba wanda ya zo neman komai, sai ka buga pdbedit -x -u suna don cire shi daga Samba, ka cire layin crontab ɗinsa, sannan userdel -r. Ka yi na Samba kafin na Linux, tunda asusun Samba a kan na Linux yake tsaye. Ka rubuta a littafinka ranar, sunan, lambarsa, da abin da aka mayar wa wa. Lokacin buɗe asusun ma'aikatan baɗi kuma, ka sa musu ranar ƙarewa tun daga farko da useradd -e, ka ba su izini ta rukuni maimakon suna ɗaya-ɗaya, yadda cire mutum zai zama gpasswd -d kawai. Ka turo min abin da postqueue -p da testparm suka nuna, ka rufe adireshin mutane, mu duba tare kafin Lahadi in Allah ya yarda.